Minti Goma Sha Ɗaya na Mista Pettiford

"Ba a gidan nan ba," in ji Vernice, ta tare ƙofa da hannu ɗaya.

Ina tsaye a kan matakala ta uku rungume da talabijin ɗina, wayarsa ta naɗe mini ƙafa. Na ce, "Malama, ko ki bar ni in shiga, ko ki bar ni in ajiye. Bayan nan nawa ba na saurayi ba ne."

Daga ɗakin ciki muryar mahaifinta ta taso, tana fita da shaƙewa. "Thurman ne? Shigo da shi! Saura minti ashirin!"

Mista Alonzo Pettiford maƙwabcina ne a Los Angeles shekara ashirin da biyu, shingen waya kawai ya raba mu. Shekarunsa tamanin da ɗaya, huhunsa ya gaji, likita ya sallamo shi gida da tukunyar iskar shaƙa, kowa kuma ya gane abin da ake nufi. A 1941 ya fito a wani fim na ban tsoro da ban dariya: wasu Turawa suka gaji tsohon gida mai fatalwa, shi ne baransu, baƙin mutum matsoraci mai zare ido da karkarwar gwiwa. A lokacin irin aikin da ake ba namu ke nan. Ya gani a jarida cewa wani gidan talabijin zai nuna fim ɗin ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana, ya kuma rantse sai 'yarsa ta zauna kusa da shi sun kalla tare kafin ya mutu.

Ita Vernice, 'yarsa tilo, shugabar makarantar firamare ce. Tana aji huɗu fim ɗin ya fito, yara suka shekara suna zare mata ido a filin wasa. Ranar Alhamis ta ɗauki talabijin ɗin gidansu ta kai wurin mai gyara, alhali lafiyarsa ƙalau.

"Mista Thurman," ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "kai mai karatu ne. Ka san abin da fim ɗin nan yake."

Na sani. Na kalle shi ina saurayi a Texas, a benen silima inda ake tura baƙaƙe. Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Da muka fito, wani Bature ya dube ni ya girgiza gwiwoyinsa, abokansa suka kwashe da dariya. Shekara talatin da bakwai ina raba wasiƙu a gidan waya ina juya abin a raina: dariyata da tasu iri ɗaya ce ko daban? Na karanta littattafai da dama, babu wanda ya raba mini gardamar.

"Vernice!" tsohon ya sake kira. "In kin hana ni, ni da kaina zan dawo miki fatalwa, kuma na san aikin!"

Ta janye hannunta.

Na ɗora talabijin a kan durowar kayansa, na yi ta murɗa eriya. Ya sa an jingina shi da filo uku, ya sa an taje masa gashi. Vernice ta zauna a bakin ƙofa riƙe da jakarta a cinya, kamar mai jiran bas.

Fim ya fara. Tsawa, ruwan sama, mota ta tsaya a ƙofar wani tsohon gida. Jarumin ya fito, budurwarsa ta fito.

"Ga ni nan tafe," in ji Mista Pettiford. "Ni ke ɗauke da akwatuna. Ku duba."

Muka duba. Sai ga su a cikin falo, akwatuna a ajiye, babu wanda ya shigo da su.

"To," ya ce. "Ƙila ƙyaftawa na yi."

Can jarumin ya juya ya ce da wani, "Je ka duba ɗakin ƙasa." Babu wanda ya amsa. Hoto ya yi tsalle, sai ga jarumin yana dariya shi kaɗai. Aka buɗe ƙofa, ba mu ga mai buɗewa ba. Aka kawo fitila, ba mu ga mai kawowa ba. Sau ɗaya gwiwar hannu cikin farar riga ta leƙo daga gefen hoto.

"Tawa ce!" Ya nuna da yatsa. "Thurman, ka shaida, gwiwar hannuna ce!"

Aka sa tallar sabulu. Tukunyar iska tana ta huci.

"Sun yanke ni," ya ce a hankali. "Gidan ma ya fi ban tsoro yanzu. Akwatuna suna shiga da ƙafarsu."

Vernice ta buɗe jakarta ta rufe. "Baba, ni ce."

"Ke ce me?"

"Kwamitinmu na iyaye da malamai. Shekara uku ke nan muka rubuta wa gidajen talabijin su daina nuna wa yara irin waɗannan wurare. Ni na rubuta wasiƙar. Ban zaci za su ji ba. Ba su taɓa jin maganarmu a kan komai ba."

Ya juya ya dube ta. "Minti nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Har da na shayi?"

"Har da shi."

"Yarinya, zare idon nasu ne, darakta ya ce in yi. Gwiwar ma tasu ce. Amma shayin nawa ne. Ni na ƙirƙiro shi ina zaune a kujerar bayan mota, babu wanda ya rubuta mini."

"Ba shayin yara suka riƙa yi mini a makaranta ba, Baba."

"Na sani," in ji shi. Sai ya juyo gare ni. "Kashe wannan abin. Ɗauko zanen gado a durowa. Kai ne fatalwa."

Na ce, "Dattijo, ni ban taɓa..."

"Ba a neman basira. Wanda ya yi ta a fim ɗin surukin darakta ne."

Na lulluɓa da zane mai furanni, don shi ne a sama. Ba na ganin komai. Aka ɗora masa faranti a cinya da butar shayi da kofi. Ya ce in zo ta baya in taɓa kafaɗarsa. Na taho ina lalube, na yi karo da kujera, na taka silifas ɗinsa, na dafa masa kai.

"Wannan fatalwa ce ko wanzami?"

Na sake. Wannan karon na yi sauri, na taɓa shi tun bai ɗauki buta ba. Na uku na ƙara da gurnani, don na ga kamar ya dace.

"Ba ta gurnani," in ji Vernice daga bakin ƙofa. "Kuma ba a nan take taɓa shi ba. Sai ya cika kofi rabi. Ta taɓa, ya ce 'yanzun nan, ranka ya daɗe' bai waiwaya ba. Ta sake taɓawa, sannan ya miƙa mata."

Na ɗaga zanen. Tsohon ya saki baki yana kallonta.

"Dole na kalla kafin in rubuta wasiƙar," ta ce, tana gyara zaman jakarta. "Sai da na ƙirga mintocin."

"Sau nawa?"

"Shida."

"Minti goma sha ɗaya, sau shida. Ashe shugabar makaranta ba ta iya ƙirga ba." Ya miƙo hannu ya fizge zanen daga kaina. "An sallame ka, Thurman. Zo nan, ke."

Ta ajiye jakar. Ta lulluɓa, ta zagaya bayan gado ba ta taɓa ko kujera ba.

Ya zuba shayi. Ta taɓa shi. "Yanzun nan, ranka ya daɗe." Ta sake taɓawa. Ya miƙa kofin ta kan kafaɗa, hannun da ke cikin zane ya karɓa. Ya ce, "Sukari nawa?" Shiru. Ya ɗan juya kai, ya ga abin da ke tsaye. Bai zare ido ba. Ya mai da fuskarsa gaba, ya rufe gwangwanin sukari, ya ninke tsumma gida huɗu, ya goge ɗigon da ya zuba a faranti. Sannan cikin ladabi ya ce, "In babu wani abu kuma, ranka ya daɗe, zan ajiye aiki."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, ban tsaya tambayar kaina wace iri ce ba. Zanen mai furanni kuwa sai girgiza yake yi, shayi na zuba a kafet. Ko dariya take yi a ciki ko kuka, ban sani ba, ban kuma ɗaga ba.

"Fatalwa, riƙe kofin da kyau," in ji shi, yana neman numfashi. "Na uwarki ne."

Ranar Talata da hantsi ya cika, Vernice na yanke masa farce.

Bayan jana'iza da kwana biyu na shiga ɗaukar talabijin ɗina. Na same ta a teburin kicin da tafireta a gabanta, ta saka takarda mai ɗauke da sunan kwamitinsu a sama.

"Wai gidan talabijin suna ajiye abin da suka yanke?" ta tambaye ni.

"Ban sani ba, Malama."

"To me zan ce musu? A mayar a nuna wa yara? Ba zan ce haka ba."

"Ki ce su ba ki ke kaɗai."

"Da sunan kwamiti?"

Na ɗauki talabijin na fito. Daga bakin ƙofa na waiwaya. Ta buga "Zuwa ga Manaja", ta tsaya, yatsunta biyu a kan haruffa, rana ta faɗo a kan sauran farar takardar.