Darasin Suwaiba Ya Zo da Murya

Ranar da aka ce za a koyar da ɗalibai masu nakasa ta waya, Batulu har guɗa ta yi a tsakar gidanta a Dakko. 'Yarta Suwaiba tana aji biyar na sakandare, kurma ce tun sanƙarau na ƙuruciya, amma duk abin da aka rubuta mata sai ta haddace shi. Sharaɗi ɗaya aka gindaya: wanda ya faɗi jarrabawar zango, a cire sunansa.

To, masu shirin sai suka kwashi makafi da kurame da guragu suka zuba a guruf ɗaya na tura saƙo ta waya, wai ai duk nakasa ce. Malamin kimiyya, Malam Rilwanu na Talata Mafara, ya ga sabis ɗin ƙauye ba ya jan bidiyo, sai ya yi abin da kowa ke yi a ƙasar nan: ya danna ya yi magana ya tura. Darasi bayan darasi, duk murya.

Aiki ya dawo kan Batulu, wadda ko ƙofar boko ba ta taɓa shiga ba. Ta kara waya a kunne, ta saurari Turanci, ta juyo tana murguɗa baki da hannu ko yarinyar za ta tsinci wani abu. Ina! Suwaiba sai kallonta take da tausayi, abin da ya fi ƙona wa uwar rai ke nan.

Da jarrabawa ta matso, tura ta kai bango, Batulu ta kira Malam Rilwanu. Bayan doguwar gaisuwa ta ce, "Malam, don Allah mi Suwaiba za ta yi da murya? Ɗiyar nan kurma ta!"

"Subhanallahi! Ki gahurce ni, Inna, wallahi ban sani ba. Yau za a gyara."

Da la'asar saƙo ya shigo, na Suwaiba ita kaɗai. Batulu ta danna da murna. Murya ce dai. Bawan Allah ya buɗe maƙogwaro yana kwarara darasin da iya ƙarfinsa, kalma ɗaya ɗaya, har kaji suka watse.

Suwaiba ta karɓi wayar, ta ji ƙarar tana sa ta karkarwa a tafin hannunta fiye da kullum. Ta ɗago a tsorace, ta tambayi uwarta da hannu: faɗa Malam yake mini?