Mai Littafin Nan

Mansura ta diro daga kan kabu-kabu tun bai gama tsayawa ba, ta kutsa cikin tashar Tawa, Gwaggo Kaltumi, wadda ke riƙonta saboda karatu, na binta a baya tana faɗa. Yau Baba ya sauka daga Aljeriya, kuma motar da zai shiga zuwa garinsu Takanamat ba ta jiran kowa.

Tana riƙe da littafin da ta aro a lakwal, wato makarantar boko, na wata yarinya da ta ƙetare taurari ta ɗauko ubanta daga hannun wani baƙin duhu. Ta karanta shi har bangon ya saki. A ciki, da uban ya ga 'yarsa, sunanta ya fara kira. Mansura ba ta ko fara lakwal ba lokacin da nata uban ya tafi ci-rani, kuma duk shekarun nan abin da take jira ke nan.

Ta same shi tsugune a gindin mota yana ɗaure buhu. Ya rame, gemunsa ya yi fari. Ya gaida ƙanwarsa Kaltumi, ya tambayi ruwa, ya tambayi gero, ya tambayi wanda ya mutu da wanda ya haihu. Har akuyar gidan ta samu tambaya. Sannan ya dubi tayar mota ya ce, "Waccan tana karatu dai?"

Gwaggo ta ce tana yi, tana murmushi. Ita ba ta ga laifi ba. Mansura 'yar fari ce, kuma a Adar namiji mai kunya ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya kallonsa cikin mutane. Mansura ta san haka. Sanin bai tsayar da ita ba.

Ta tako har gabansa. "Baba, Mansura ce. Ga ni nan, ba can ba."

Gwaggo ta mintsine ta a hannu. Wata mai sayar da fura ta ce ga abin da boko ke haifarwa. Baba ya ci gaba da jan igiyar da ta riga ta ɗauru.

Abokin tafiyarsa, wani dogo mai rawani da ake kira Alƙasum, ya yi dariya. Ya ce ashe wannan ce. Ya ce ranar da motarsu ta mutu a hamada, ruwa ya ƙare, kowa na salati, shi Ciɗo, wato Baba, sunan yarinyar nan ya yi ta kira har muryarsa ta dushe. Baba ya daka masa tsawa, ya ce ya shiga mota ya bar surutun banza.

Gwaggo ta dube ta, alamar to kin ji. Mansura ta ji, abin ya ƙara ci mata rai. Wato rairayi ya ji, Alƙasum ya ji, ita da ke da sunan ce kaɗai ba za ta ji ba.

Direba ya tada mota. Baba ya leƙo ta taga, idonsa a kan Kaltumi.

"Ki gaya wa mai littafin nan ta taho gida in an yi hutu."

Mansura ta sa littafin a hammata. Ta juya ta dubi tayar mota, daidai inda ya duba.

"Gwaggo," ta ce, "ki gaya wa mai buhun nan na ji."