Godiyar da Gado Ya Yi a Ƙasar Sanyi

Duk wanda ya girma a Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, ya san Gado Ɗan Dumega, ko da a bakin makaɗa ne. Shekara goma sha biyu ya yi yana kayar da maza a filayen kokowa, daga Dosso har Damagaram. Da gwiwa ta ce masa ya isa haka, ya ajiye walki ya dawo Dogon Dutsi da zama, amma sunan bai ajiyu ba. In ya fito bakin hanya 'yan kabu-kabu har rige-rigen ɗaukarsa suke yi, shi kuwa ya zaɓi wanda baburinsa ya fi ƙwari, don jikin nan nasa ba na wasa ba ne.

Ana nan sai aka kashe Halilu, ɗansa na fari, soja, a wani kwanton ɓauna can yamma. Gado bai zagi kowa ba, bai kuma yi kuka a gaban mutane ba. Abin da ya yi shi ne, duk inda aka gayyace shi buɗe kokowa sai ya karɓi lasifika ya yi wa samari magana. Yakan ce musu a kokowa wanda ya faɗi yana tashi ya kakkaɓe jiki ya tafi gida ya sha fura, a yaƙi kuwa ba ya tashi. Ya yi wa uwar Halilu alkawari cewa sunan nan da Allah ya ba shi, da shi zai tare 'ya'yan mutane, kuma bakinsa ba zai taɓa tura ɗan kowa inda nasa ya tafi ba. Maganarsa ta yi ta yawo a wayoyi har ta ƙetare iyaka. Iyaye mata musamman sun yarda da shi, don sun san abin da ya binne.

Shekara biyu bayan haka wata takarda ta zo masa da Faransanci. Wata ƙasa ce mai nisa, wadda take yaƙi da maƙwabciyarta, ake shirya taron zaman lafiya a babban birninta. An gayyato sanannun mutane daga ko'ina, da ɗan ƙwallo, da 'yar fim, da mawaƙiya, ana kuma son Gado ya zo ya faɗi irin abin da yake faɗi a gida. 'Yarsa Fa'iza, malamar lakwal, wato makarantar boko, ita ta karanta masa. Ta karanta har ƙasa, inda hatimin yake, ta ga ashe na gwamnatin ƙasar ne.

"Baba, masu yaƙin ne fa da kansu ke kiranka," in ji ta. "In zaman lahiya suka so, mi ya hana su aje bindiga? Sai sun jira ka taho daga Dogon Dutsi?"

"Ke, lakwal ta cika miki kai da zato. Ni ta'aziyya za ni. Uban da ya rasa ɗa, ko'ina shike, ɗan'uwana ne."

Ta tuna masa cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido, mai gida kuma ɗakin da ya share kaɗai yake nuna wa baƙo. Ya yi dariya ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiyar magana, Gado ya ji daɗin kiran. Mutum ne mai zuciya ɗaya, amma ya sha tafi tun yana saurayi, kuma wanda ya saba da tafi ba ya ƙin ƙari. Fa'iza ta je ta saya masa suwaita biyu a kasuwa.

Ya shiga mota zuwa Yamai, ya hau jirgi, ya sauka ya hau wani, ya sauka a cikin sanyin da bai taɓa sanin Allah ya halicci irinsa ba. Aka haɗa shi da tafinta, wani dattijon Bature mai fara'a da ya koyi Hausa a littafi. Hausarsa tsaf take kamar an goge ta da dutsen guga, sai dai in Gado ya saki tasa ta Arewa, sai bawan Allah ya yi ta kaɗa kai yana murmushi.

Kwana uku ana yawo da baƙin a doguwar mota. Aka nuna musu makarantar da bam ya rusa, da takalman yara a cikin ɓaraguzai. Aka kai su asibiti, aka kai su maƙabarta mai sababbin kaburbura jere har inda ido ya tsaya. Ba ƙarya a ciki, duk abin da aka nuna ya faru. A maƙabartar Gado ya ga wani tsoho a tsugune gaban kabari, ya je ya tsuguna kusa da shi ya riƙe hannunsa, ba mai jin yaren wani, sai ga hawayen da ya hana kansa a gida suna zuba. Da suka koma mota ya tambayi tafinta ko can ɗaya gefen ma akwai kaburbura irin waɗannan, in akwai yana son ya je ya yi musu gaisuwa su ma. Tafinta ya ce hanyar ba ta da kyau. Washegari ya sake tambaya, hanyar ba ta gyaru ba.

A rana ta huɗu ya yi jawabinsa a wani babban zaure. Ya ambaci Halilu, ya ce wa shugabannin ƙasashen biyu su ji tsoron Allah su ajiye makamai, don ba su suke haƙa kaburburan ba. Aka tafa masa sosai. Ya kwanta da farin ciki, yana cewa a ransa ina ma Fa'iza ta gani.

A rana ta biyar aka ce za a kai su gaida sojojin da suka ji rauni. Da motar ta tsaya, babu asibiti a wurin, sai wani ƙaton fili fari fat da ƙanƙara, sojoji a jere, masu ɗaukar hoto sun riga sun kafa kayansu. Mawaƙiyar nan ta leƙa ta taga, ta gyara zama ta ce kanta na ciwo, ba za ta sauka ba. Gado ya ga rashin kyautawarta. An zo gidan mutane, an ci abincinsu, a ce ba za a fito a gaisa ba?

Ya sauka da babbar rigarsa da suwaita biyu a ciki, sanyi ya ratsa su kamar ba ya sanye da komai. Haƙoransa suka soma haɗuwa. Sai wani janar mai furfura ya tako, ya cire tasa rigar sanyin, doguwa mai kauri da tutar ƙasar a kafaɗa, ya yafa wa Gado da hannunsa a gaban kowa.

To, a nan ne fa. A filin kokowa, in mutum ya fito a bainar jama'a ya yi maka kyauta, ba ka cewa na gode a ciki-ciki ka wuce. Kyautar fili godiyar fili take so. Sai ka ɗaga hannu, ka ɗaga murya, ka wasa mai kyautar har na bayan fili su ji, in ba haka ba a ce ba ka da tarbiyya. Gado ya yi wannan ya fi sau ɗari, ga alhazai da 'yan kasuwa da gwamnoni, ba tare da ya tambayi halin kowa ba. Jikinsa ya riga tunaninsa. Ya ɗaga hannun dama sama, muryar nan da ta cika filaye ta fito.

"Giwa uban tahiya! Bango madafar bayi! Wanda ya bi ka ba shi kwana da yunwa, ba shi kwana da sanyi! Kowa ya zo gidanka ya zo gida!"

Sojoji suka yi sowa. Janar ya rungume shi. Tafinta bai ma wahalar da kansa da fassara ba, kuma Gado bai lura da hakan ba.

Ya dawo Dogon Dutsi aka yi ta zuwa barka da hanya. Bayan mako biyu Fa'iza ta taso daga lakwal, ta zauna kusa da shi a zaure, ta miƙa masa wayarta. Ya ga kansa a hoton bidiyo cikin rigar soja, hannu a sama, sojoji a bayansa, yana wasa janar da Hausar da duk ɗan Arewa zai ji har cikin ƙashinsa. Babu maƙabarta, babu tsohon nan, babu ko kalma ɗaya daga jawabin zaure. A ƙasan hoton an rubuta cewa ana neman matasa masu ƙarfi don aikin gadi a ƙasar, ga abinci ga wurin kwana, ga lambar da za a kira. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a ranar da aka kayar da shi a gaban mutanen Dumega. Fa'iza ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Ya je gidan rediyon garin ya yi bayani, ya ce godiyar riga ce kawai ya yi, kada kowa ya kira lambar nan. Waɗanda suka kunna rediyo a lokacin sun ji. Hoton kuwa yana cikin aljihun kowa, ana ta tura shi. Abokansa suka ba shi haƙuri, suka ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Ya riƙe wannan maganar, don ba shi da wata.

Wata safiya bayan an gama girbin hatsi, wata mata ta yi sallama a ƙofar zauren. Ta ce sunanta Hanifa, daga Lugu ta taso tun asuba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye zabuwa ɗaure da ƙafa, da ƙullin gyaɗa. Fuskarta a sake take, ta mai zuwa godiya. Ta ce ɗanta Nazifi, shi ke nan gare ta namiji, ya gaji da noman da ba ya kai su ko rani, ya ce zai bi aikin nan na ƙasar sanyi. Ita da farko ta hana. Sai ya nuna mata hoton. Da ta ga Gado ne, ta ji abin da ya faɗa da bakinsa, sai hankalinta ya kwanta ta sa masa albarka. Yau wata biyu da tafiyarsa. Ya kira sau ɗaya ya ce an ba su kaki ana koya musu harbi, tun daga nan wayar ba ta shiga.

"Na san ko sanyi ne ya ɓata wayar," in ji ta. "Shi ya sa na ce bari in taho wurinka, Baba. Abokin nan naka, babban sojan da ya ba ka riga, ka kira shi ka hwaɗa mishi Nazifi ɗanka ne. Shi sa ido gare shi."

Gado ya dubi zabuwar tana numfashi a ƙasa. Ya lalubi sunan janar ɗin a kansa, sai ya tarar ko sau ɗaya bai taɓa jin sunan ba. Ya so ya ce mata to, za a kira, ta koma Lugu da kwanciyar hankali, amma ya kasa.

"Ɗiyata, ba abokina ba ne," ya ce. "Ban san sunanai ba."

Ta ɗan yi murmushi, tana jiran ya ƙarasa wasan. Da ta ga bai ƙara komai ba, murmushin ya tafi a hankali. Ta gyara zama a kan tabarma, ta dube shi sosai.

"To Baba, ina na tura ɗana?"