Hannun Gillis a Jikin Alade

Wani mai maɗaba'a a Antwerp ya ba Lieven aikin sassaƙa tsohon labarin nan a farantin tagulla, na matsafiyar da ta shayar da matafiya har suka rikiɗe aladu. Ma'anar ba ɓoyayya ba ce: wanda maƙogwaronsa ya mallake shi ya zama dabba. Masu wannan sana'a kuwa sukan bar wa alade ɗaya hannun mutum, don mai kallo ya san daga inda aka faɗo.

Lieven bai je nesa neman hannu ba. Ubansa Gillis na kwance a benci, giya ta kayar da shi da rana tsaka, hannunsa na hagu na reto, mai dungulmin yatsan da injin buga takarda ya cinye. Haushi ya ɗebi Lieven, ya zana hannun yadda yake, har dungulmin.

Da aka buga shi a takarda, hoton ya karɓu. Aka manna ɗaya a bangon mashaya. Ranar da Lieven ya je ɗauko tsohon, ya tarar an taru a gaban hoton.

"Gillis, taso ka gaisa da ɗan'uwanka!" in ji Wouter mahauci. "Ga yatsanka nan, ko a cikin tsire na gane shi. Kai Lieven, haka ake yi wa uba?"

Lieven ya rasa inda zai sa idonsa. Tsohon ya miƙe yana tangaɗi, ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ɗaga hannunsa.

"Wouter, giyar ta kai maka ido. Na aladen nan dama ne, nawa hagu. Je ka nemi danginka a ciki, ka bar min yaro."

Dariya ta koma kan mahauci. Lieven bai yi dariya ba. Gillis ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin injin, shi ne ma ya koya wa Lieven cewa hagun faranti dama yake fitowa a takarda.

A hanya tsohon ya ƙi dafa kafaɗarsa.

"Baba, gobe zan kankare hannun."

"Tagullar za ka kankare. Takardun sun riga sun hau jirgi." Can ya ce, "Jijiyoyin sun fita da kyau. Hannunka ya faɗa."

Ya cusa hannunsa na hagu cikin riga. Har suka isa gida bai fito da shi ba.