Shekarar da Sharhabil Ya Daina Ji

Sharhabil yana shekararsa ta ƙarshe a wata kwalejin horar da malamai da ke can bayan Malali lokacin da sanƙarau ya kwantar da shi. Cikin tsananin zafin bazara ne. Ya daɗe a asibiti wuyansa a sandare, mahaifiyarsa na gefen gado tana tofa masa addu'a. Da Allah ya tashi kafaɗunsa aka mayar da shi gida Badarawa, 'yan uwa suka yi ta zuwa barka. A nan ya lura mutane sun koma magana ƙasa-ƙasa. Da farko ya ɗauka tausayi ne, ana rage murya saboda marar lafiya. Sai ranar da ƙanwarsa ta saki kwanon silba a tsakar gida. Ya ga kwanon yana birgima, ya ga kaji sun watse, amma abin da ya iso kunnensa bai fi ɗan ƙwanƙwasa daga nesa ba.

Bai faɗa wa kowa ba. Ya koma makaranta da tunanin cewa kunnen ma warwarewa zai yi, kamar yadda ƙafafunsa suka warware.

Ajinsu babba ne, ɗalibai har kan taga. Ya riƙa sammako don ya samu bencin gaba, ya kafe bakin malami da ido. In malamin yana fuskantarsu yakan tsinci kalma nan, kalma can, ya haɗa. Amma yawancinsu da zarar sun ɗauki alli sai su juya wa aji baya su ci gaba da bayani, shi kuwa sai ya zauna yana kallon ƙeyar mutum. In an tayar da janareta, ɗan abin da ya rage ma ya tafi.

Isma'ila, abokin ɗakinsa a ɗakin kwanan ɗalibai, shi ya fara ganewa. Suna fita daga ƙofar makaranta wani mai keken haya ya taho a guje yana ta danna ƙaho, kowa ya kauce, Sharhabil yana tafiyarsa a tsakiyar hanya. Isma'ila ya fizgo rigarsa har maɓalli ya tsinke. Da suka koma gefe ya tsaya yana kallonsa, sannan ya zaro waya ya rubuta, ya miƙa masa: "Mutumina, ba ka ji ko?"

Sharhabil ya daɗe yana kallon rubutun. "Na hagu ya tafi," ya ce. "Na dama ma kullum raguwa yake."

Washegari Isma'ila ya ja shi zuwa ofishin kula da ɗalibai. Wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene, rabinsa cike da ƙwallaye da ragar wasanni da aka rasa inda za a ajiye. A allon ƙofa an jera ayyukan ofishin: ba da shawara, kula da masu buƙata ta musamman, koyar da maganar hannu. Mutum ɗaya ce a ciki, Malama Dije, wata dattijuwa mai tabarau wadda ita ma tana da nata azuzuwan da take koyarwa. Ta saurari Isma'ila, sannan ta jawo kujerarta ta zauna daf da Sharhabil ta ɓangaren dama, ta cire takunkumin da ke bakinta don ya ga leɓɓanta.

"Sannu, ɗana," ta ce a hankali. "Me ya sa ba ka zo da wuri ba?"

"Malama, na ɗauka zai dawo."

Ta tashi da kanta ta raka shi asibitin makaranta. Nas ɗin da ke wurin ta haska kunnen da fitilar waya, ta wanke shi da ruwan ɗumi, ta ce ita dai ba ta ga komai ba, a je babban asibiti. Can kuma likitan kunne ya sa masa wani abu a kai, ya yi ta danne-danne yana tambayarsa ko ya ji. A ƙarshe ya yi wa Malama Dije bayani, ita kuma ta rubuta masa a bayan katin asibitin: ciwon ya taɓa jijiyar ji. Na'urar da ake maƙalawa a kunne za ta iya taimaka wa na dama kaɗan, na ɗan lokaci. Na hagu sai haƙuri.

Suka hau keken haya zuwa makaranta. Da suka zo wajen Unguwar Rimi ta nuna masa layin gidanta da hannu. Ya gyaɗa kai.

Malama Dije ba ta zauna ba. Ta bi malaman sashensu ɗaya bayan ɗaya tana roƙon su riƙa fuskantar aji in suna magana, su kuma ba shi darasin a rubuce. Duk suka ce in sha Allahu. Wasu sun yi na kwana biyu suka manta. Wani ya ce shi darasinsa a kansa yake, bai taɓa rubuta shi ba. Ta tambayi hukumar makaranta ina mai koyar da maganar hannun da aka rubuta a ƙofarta, aka ce ai tun bara ya samu aiki a Abuja, ana nan ana neman wani. Isma'ila ne ya zama kunnensa. In sun dawo daga aji sai ya zauna ya kwafe masa abin da aka yi, har yatsunsa su yi sanyi. Amma Isma'ila ba kowane darasi suke ɗauka tare ba, kuma shi ma yana da tasa jarrabawar.

A haka lokacin gwajin koyarwa ya zo, wanda in ɗalibi bai ci shi ba ba zai fita da takardar shaida ba. Aka tura Sharhabil wata firamare a Badarawa, aji huɗu. Abin mamaki, nan ya fi sakewa. Shi ke magana, yara ke saurare. Muryarsa takan yi sama fiye da kima don ba ya jin kansa, amma yaran sun saba. Ya ƙirƙiro dabarunsa: in ya yi tambaya, mai amsa ya fito ya rubuta a allo, ko ya ɗaga yatsu. Yaran suna son sa, don yana zana musu kifi da jirgi a gefen lissafi.

Ranar da Malam Sanda ya zo daga kwaleji don ya duba shi ya ba shi maki, Sharhabil ya sa farar shaddarsa. Malam Sanda ya zauna a bayan aji da takardunsa. Darasin raba lamba ne, kuma yana tafiya daidai. Sharhabil ya rubuta tambaya a allo, ya juyo, ya ga wata 'yar siririyar yarinya mai suna Hasana ta ɗaga hannu. Yarinya ce mai kunya wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba, sai ya ji daɗi ya nuna ta. Ta miƙe, kanta a sunkuye, ta yi magana a cikin hijabinta. Bai ga leɓɓanta ba. Ya ji nauyin ya sa ta maimaita a gaban baƙo, kada ta tsorata, kada kuma a gane.

"Madalla, kin yi ƙoƙari," ya ce. "Zauna."

Ta tsaya jim, ta zauna. Ya juya allo yana warware lissafin da kansa.

Da ya sake juyowa, bakin kowane yaro a buɗe yake. Dariya suke yi, wasu na nuna ƙasan benci, na kusa da Hasana sun ja jikinsu gefe. Ita kuwa ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Ya tsaya da alli a hannu yana duban fuska bayan fuska, bai san abin da ya faru ba, sai da ya ga ruwa yana gangarowa a kan siminti ta tsakanin ƙafafun bencin. Izinin fita bayan gida ta nema.

Malam Sanda ne ya taso ya tsawatar wa yaran, ya kira wata malama ta fita da yarinyar. Bayan an tashi ya samu Sharhabil a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Bai yi faɗa ba. Ya dafa kafaɗarsa ya yi magana mai tsawo, da alama magana ce ta lallashi, Sharhabil bai ji ko ɗaya ba. Washegari Hasana ba ta zo makaranta ba, haka ma jibi. Sharhabil ya tambayi gidansu ya je ya ba mahaifinta haƙuri a ƙofar gida. Mutumin ya ce ba komai, ƙaddara ce, amma yarinyar ta ce ba za ta koma wannan ajin ba.

Kwamitin sashe ya zauna a kan maganar. Malama Dije ta nemi a bar ta ta shiga, aka bar ta. Ta ce yaron ya iya koyarwa, Malam Sanda ma shaida ne. Ta ce a haɗa shi da wani malami a aji, ko a gwada shi ta wata hanya. Shugaban sashe ya ce shi ma yana tausayinsa, amma babu inda ƙa'idarsu ta tanadi haka, kuma ba zai sa hannu a kan cewa mutum zai iya riƙe aji shi kaɗai alhali ba ya jin kiran yaro ba. Suka yanke cewa ya je gida ya huta, ya dawo ya sake gwajin baɗi in ya samu sauƙi.

Ita ta kawo masa labarin a ofishinta. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa, sannan ta tura masa takardar.

Ya karanta. "Malama, in na samu sauƙi? Ai likita ya ce..."

"Na faɗa musu," ta ce. "Wallahi na faɗa musu."

"To baɗin me zai canja?"

Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

Isma'ila ya taya shi ɗaure katifa da bokiti, ya raka shi har Badarawa. A hanya ya rubuta masa cewa zai riƙa zuwa duk ƙarshen mako. Ya zo sau da yawa, har jarrabawar ƙarshe ta matso ta riƙe shi.

Da damina ta yi nisa Malama Dije ta aiko masa da saƙo ta waya. Ta ce ta samu wata makarantar kurame, shugabar ƙawarta ce, ta yarda ya riƙa zuwa yana koyon maganar hannu. Kwaleji ba za ta lissafa masa wannan a matsayin gwaji ba, ta tambaya an ce a'a, amma ya je ya gani.

Ya je wata safiya, ana yayyafi. Lokacin hutun tara ne, yara sun cika baranda. Hannuwa ko'ina suna tashi suna sauka, fuskoki na motsi, wasu biyu na gardama har ɗaya yana buga ƙafa. Wani malami ya hango shi ya taho da fara'a, ya yi masa wasu alamu da yatsu, da sauri, sannan ya tsaya yana jiran amsa. Sharhabil ya buɗe baki zai ce bai gane ba, sai ya tuna mutumin ba zai ji shi ba. Ya ɗaga hannuwansa biyu, ya dube su, ya rasa yadda zai yi da su. Malamin ya yi murmushi, ya nuna masa wani benci a ƙarshen baranda, kusa da 'yan aji ɗaya. Sharhabil ya je ya zauna, ya ɗora jakarsa a cinya.