Kujera a Motar Sa'id

Ba su gama kwance ƙullin kaya ba Musbahu ya wuce gonakin riɗi da ke bayan garin Damazin na ƙasar Sudan, inda ya samu aikin tuƙa motar noma. Aikin ne ma ya taso su daga Madani. Ya bar matarsa Juwairiyya da 'yarsu Widad a wani gida mai ɗaki biyu, can ƙarshen ƙauyen, inda ake jin sanyin kogi idan iska ta juyo. Mutanen garin Hausawa ne kamar su, amma Juwairiyya ba ta san kowa ba, kuma ita ba mai shiga mutane ba ce.

An karɓi Widad a wata makaranta cikin Rusairis, sai dai shugabar ta ja kunne cewa idan fashi ya yi yawa za a ba wata gurbin. Tafiyar kuwa ko babba sai ya huta a hanya. Mota ɗaya ce ke kwasar yaran ƙauyen, wata tsohuwar farar bas da ake kira tarhil, ta wani mutum mai suna Sa'id. Kowace safiya Widad takan shirya tsaf, ta tsaya a bakin ƙofa tana sauraron ƙahon motar daga gindin dalbejiya. Idan ƙarar ta ɓace sai ta cire takalmanta ta jera su a inuwa.

Wata safiya Juwairiyya ta yi ta maza, ta yafa mayafi, ta kama hannun yarinyar. A Madani ai uwa ce ke zuwa ta yi magana da direba, shi ke nan. Ta tarar da mata tsaye suna cusa yara a mota. Ta gaishe su, suka amsa, sannan ta matsa kusa da tagar direban.

"Usta direba, ina kwana. Ni ce baƙuwar gidan ƙarshe. Wannan 'yata ce, Widad, ita kaɗai gare ni. Don Allah ka taimaka mata da wurin zama a motarka. Wallahi tana da ƙoƙari, ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu."

Wata mata ta kai gefen mayafi bakinta. Wata daga baya ta ce a hankali, "Ashe ma ta fari ce." Sa'id ya sunkuyar da kai yana goge sitiyari da hannun riga.

"Ma'alesh, ki yi haƙuri, 'yar'uwa," ya ce. "Ki turo babba mu yi magana."

Motar ta tashi. Juwairiyya ta ga kujera ɗaya a jikin taga, babu kowa a kai sai gorar ruwa.

Ta kira Musbahu a waya, muryarsa na yankewa. Abin da ta iya tsinta shi ne ta yi haƙuri sai an gama yankan riɗi. Ta nemi mai raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ya ce babur ɗinsa ba ya shiga taɓon hanyar nan. Sau ɗaya suka taka da ƙafa, suka isa an daɗe da shiga aji, Widad ta dawo da ciwon kai. Daga nan Juwairiyya ta koma zaman tsakar gida tana juya maganar direban. Wane babba? Me ta faɗa da ya sa mata suka rufe baki?

Ranar nan da la'asar ƙamshin kofi da citta ya tsallako katanga, murya ta biyo shi.

"Ke ta Madani! Muna jin turminki, ba mu ganin fuskarki. Taho ki sha jabana, ba mu cizo."

Hajja Mu'minat ce, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su. Suka same ta a kan tabarma, tana fifita gawayi a ƙarƙashin ɗan tulun kofi. Ta zuba wa Juwairiyya a ƙaramin kofi, ta ƙare mata kallo.

"Wa ya raine ki, ɗiyata?"

"Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, Hajja. A gidan kawuna na tashi, unguwarmu babu Hausawa sosai."

"Awo. Shi ya sa." Tsohuwar ta girgiza kai. "Ɗiyar fari, ki kama sunanta gaban jama'a, har ki yabe ta kamar mai tallar tumatir? Ni nawa na fari ya yi furfura, bai taɓa jin sunansa a bakina ba."

Juwairiyya ta ajiye idonta ƙasa. Ta san da wannan kunyar, amma ta ɗauka ta tafi da kakanni.

"Sa'id ba mugu ba ne," in ji Hajja. "Shi ya ji miki kunyar da ba ki ji ba. In ya ba ki kujera a ranar, gobe a ce ya biye wa marar ta ido. A nan uwa ba ta nema wa ta fari komai. Kaka ke nema, ko gwaggo."

"Ba ni da kowa a nan, Hajja."

Ta faɗi haka tana kallon kofin da ke hannunta. Sai tsohuwar ta juya ga Widad, wadda ta laɓe a bayan uwarta.

"Ke mai idon mage, kin iya tsince wake?"

"Na iya."

"Ƙarya kike, 'yan birni sai cin sa. To ji nan, ɗiyata. Gobe ki turo ta ƙofata, ni zan kai ta a matsayin jikata. Ke ki zauna ciki, kada ki leƙo. In sun taso nan za ta sauka ta ci abinci, don mutane su gani da idonsu. Sunan nan kuma ki naɗe shi ki ajiye. Mu Ta-Madani za mu riƙa ce mata."

Juwairiyya ita ta zaɓi sunan da kanta, tun cikin bai fito ba. Tun da suka zo ƙauyen nan, shi ne kalmar da ta fi furtawa a yini. Ta tuna kujerar nan ta jikin taga da kashedin shugabar makaranta.

"To, Hajja. Allah ya saka da alheri."

Washegari ta gyara wa yarinyar kitso, ta ɗaura mata ɗankwali.

"Ke, zo ki sa takalmi."

Widad ta ɗago kai. "Umma, fushi kike da ni?"

"A'a."

"To me ya sa tun jiya kike ce mini ke?"

"Yi sauri, kakarki na jira."

Ta tsaya a bayan ƙyaure tana kallo ta tsagar katako. Ta ga Hajja Mu'minat na dogara sanda, Widad na riƙe da gefen zanenta. Da suka isa gindin dalbejiya tsohuwar ta ƙwanƙwasa jikin motar da sandar.

"Sa'idu mai kunnen ƙashi, buɗe wa jikata!"

Sa'id ya fito da kansa yana dariya, ya ɗauke gorar ruwa daga kujerar. Widad ta zauna, ta manna fuska a gilashi tana neman ƙofar gidansu, ta ɗaga hannu. Matan ma suka juyo suna kallon ƙofar. Juwairiyya ta riƙe sakata gam har motar ta sha kwana.

Da azahar ta ji ƙahon tarhil, ta miƙe, sannan ta tuna ta koma ta zauna. Can sai ga dariyar yarinyar ta bayan katanga, da ƙarar cokali, da muryar Hajja tana cewa, "Ta-Madani, ci a hankali, ba kowa zai ƙwace." Juwairiyya kuwa ta dafa abincin mutum biyu, ga shi nan a rufe.

Ta je wurin randa don ta ɗebi ruwa. Ta ɗauke murfin, ta sunkuya har sanyin ya taɓa fuskarta, ta kira sunan a ciki, ƙasa-ƙasa, yadda ba zai tsallaka katanga ba. Sannan ta mayar da murfin.