'Yan Hannun Hagu

Hedimasta ne ya koya wa Malama dabarar, a ofishinsa, bayan ya tura ƙofa da ƙafa.

"Sufeto za ta zo duba ki nan da mako biyu," in ji shi. "Ki zaɓi darasi ɗaya ki yi ta nanata musu. In kin yi tambaya kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya sani ya ɗaga dama, wanda bai sani ba ya ɗaga hagu. Ke kuma kin san inda za ki nuna."

"Ranka ya daɗe, wannan ba ha'inci ba ne?"

"Ha'inci? Kwalliya dai. Ko a gida, in baƙo zai zo ai sai an yi shara."

Shekara guda ke nan Malama tana koyar da Turanci a matsayin gwaji. Abu ɗaya ya rage mata, sa hannun Sufeto. In ta sa, an tabbatar da ita a aiki. In ba ta sa ba, sai ta tattara littattafanta ta san inda ta nufa. A gida kuwa ga 'ya'ya biyu, ga tsohuwa mai ciwon ƙafa, duk ita suke kallo. Don haka ta haɗiye sauran maganarta.

Darasin infinitive ta zaɓa. Kullum sai ta cika allo: to eat, to read, to go. Aikatau ne da to a gabansa, ba ya faɗin wanda ya yi, ba ya faɗin yaushe aka yi. In ka rataya masa wasu kalmomi, kamar to read a book, ya zama infinitive phrase. Ta maimaita har muryarta ta dushe.

Sai dai tsoro ya sa ta yi wa dabarar ƙari. Yara ba abin yarda ba ne, wani zai ɗaga dama da ƙarfin hali ya kwance mata zani a kasuwa. Saboda haka da kanta ta raba su. Goma sha biyu na gaba su ne 'yan dama. "Sauranku hagu," ta ce, "ko da kun ga kamar kun sani."

Ran zuwan, Sufeto ta shigo, gajeriyar dattijuwa da tabarau rataye a wuya. Ta ƙi kujerar da Hedimasta ya sa aka goge mata a gaba, ta wuce can baya ta matsa a benci tsakanin yara. Malama ta ɗauki alli.

Da farko komai ya tafi sumul. Tambaya ta ɗaya, hannu arba'in da biyar suka tashi tare. Malama ta nuna ɗan dama, ya zubo amsa kamar famfo. Ta biyu ma haka. Hedimasta na tsaye a bakin taga yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ta jefa ta uku: wa zai ba ta jimla mai infinitive?

"Dakata, Malama," in ji Sufeto daga baya, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Masu hannun dama, ku sauke ku huta."

Hannu goma sha biyu suka sauka a hankali. Talatin da uku suka rage a sama, masu su na rarraba ido, ba wanda ya gaya musu abin da ake yi in haka ta faru. Malama ta waiga taga, Hedimasta ya yi layar zana. Alli ya karye a hannunta. Ita dai ta san aikin ya tafi.

Sufeto ta nuna wata siririyar yarinya da ke manne da bango, wadda kowa ke kira 'Yar Lungu. Tun farkon shekara, in ba amsa rajista ba, Malama ba ta taɓa jin muryarta ba.

"Ke, ba ni jimlar."

Yarinyar ta miƙe, hannun hagunta har yanzu a sama. Ta dubi Malama kamar mai neman izini. Malama ta sunkuyar da kai tana salati a zuci.

"I like to answer questions," in ji yarinyar.

"Ina infinitive a ciki?"

"To answer. In an haɗa da questions ya zama phrase."

Daɗi ya kusa sa Malama zama a ƙasa. Ashe da sauran shan ruwanta! Amma Sufeto ba ta gama ba.

"Tun da kin sani, me ya sa kika ɗaga hagu, jikata?"

"Malama ce ta ce mu 'yan hagu ne, ko da mun sani."

Ba da mugunta ta faɗa ba, yadda ake faɗin lambar aji haka ta faɗe shi. Wannan ne ya fi yi wa Malama ciwo.

Bayan an kaɗa ƙararrawa Sufeto ta kira ta baranda, takardar tabbatar da Malama a aiki na hannunta, biro a buɗe.

"Ki yafe ni, ranki ya daɗe," in ji Malama. "Wallahi ba halina ba ne."

"Dabarar hannu? 'Yar nan, kafin a haife ki na yi ta. Ba ita ta dame ni ba. Kin iya koyarwa, tun da har ya kai lungu." Ta ɗora biro a kan layin sa hannu. "Yarinyar nan ta burge ni, zan sa ta a rahoto. Yaya sunanta?"

Malama ta buɗe baki. 'Yar Lungu ne kawai ya zo mata. Ta laluba, ta sake lalubawa, shekara guda cur tana kiran rajista kanta a sunkuye. Sufeto ta jira ta, jira mai tsawo, sannan ta rufe biron.

"Ni ko lokacin da nake yi, na san sunan 'yan haguna. Zan dawo zango mai zuwa, ba zan faɗi rana ba."

Malama ta koma aji da kunya fal cikinta. Yaran ba su fita tara ba, suna zaune suna kallonta. Ta jawo rajista, ta tsallake bencin 'yan gaba, ta je ta zauna a inda Sufeto ta tashi.

"Ƙanwata," ta ce da yarinyar, "nuna mini sunanki a nan."